Kwano Uku, Mutum Huɗu

Ni ban taɓa sha'awar koyarwa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san dalili. Idan na faɗi abu sau biyu ba a gane ba, na ukun da faɗa yake fitowa. To amma a shekarata ta uku ina karatun haɗa magunguna a Guangzhou, wata Hajiya 'yar Kano mai sarin wandunan jins ta tare ni bayan sallar Juma'a, ta ce akwai wata baiwar Allah a Xintang da ke neman mai koya mata Turanci, mace take so, kuma Bahaushiya. Na ce, "Hajiya, Bahaushiya kuma? Turawan ƙarewa suka yi?" Ta ce in daina surutu in ji labarin tukuna.

Matar 'yar China ce, 'yan kasuwarmu duk Madam suke ce mata, ni ma haka na bi. Da can ta auri wani Bakano mai sarin kaya, suka haifi mace ɗaya. Yarinyar tana da shekara huɗu ya rasu, ciwon kwana biyu, aka binne shi a nan garin. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da ita Kano bisa wasiyyarsa. Shekara goma sha biyu ke nan uwa ba ta sa 'yarta a ido ba sai a hoto. Yarinya ta manta yaren China, Hausa take ji sai Turancin makaranta.

Yanzu wan marigayin, wani Alhaji, zai zo lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha nan da wata uku, kuma ya yarda zai taho da ita. Amma da sharaɗi. Zai kawo ta cin abincin rana. Idan gidan ya kwanta masa a rai, zai bar ta mako guda wurin uwarta. Idan ya ga wani abu mai kama da tsafi ko haram, daga tebur sai mota. Ita kuwa Madam Turancinta na kasuwa ne, guda nawa, wane launi, babu, gobe. So take ta yi magana da 'yarta da bakinta, ba tare da wani ya tsaya a tsakani yana fassara ba. Da na ji haka, na ce zan je.

Daga Panyu inda nake zaune zuwa Xintang tafiya ce mai cin rai, canjin jirgin ƙarƙashin ƙasa har sai ka gaji da kanka. Talata da Asabar nake zuwa, da tsakar rana, lokacin da ma'aikatanta ke hutu. Shagon ɗinkin yana ƙasa, ita da tsohuwar mahaifiyarta suna sama. Kafin ka kai matakala sai ka ratsa ta cikin wanduna ɗaruruwa rataye a igiya, ƙafafu ba jiki, fanka tana kaɗa su a hankali. Kekunan ɗinki duk a kashe. Ma'aikatan suna kwance kan tulin yadi, kowa ya rufe fuska da ƙyalle, ba mai motsi. Ranar farko sai da na yi a'uziyya kafin na wuce ta tsakaninsu.

Madam gajera ce, ta haura arba'in, hannayenta shuɗi har wuyan hannu saboda rini. Ba ta da yawan murmushi. Muka yi awa guda kan gaisuwa, sannan ta ce a ci abinci. Na tambaye ta nama, ta ce tun ranar da ta yi aure naman alade bai sake shiga gidan ba, ta nuna min ledar mahautan Musulmi. Ta shiga kicin, ni kuma na juya wajen tebur.

Kwano uku ne a jere. Biyu da tsinkayen cin abincinsu a gefe, ɗaya da cokali. A cikin mai cokalin shinkafa da wake ne, an zuba mai, ga 'yar kwalbar yaji, yajinmu na gida mai ƙuli-ƙuli, ga shayi da madara a wani tsohon kofi mai tsagewa a baki. Wallahi sai da ƙwalla ta taru min. Na ce a raina, kai, matar nan ta san darajar baƙo, dubi yadda ta yi min garau-garau a ƙasar China! A gidanmu idan an ajiye wa baƙo abinci ba ya jira a roƙe shi. Na ja kujera, na yi bismillah, na fara ci. Tsohuwa ta ajiye tsinkayenta tana kallona. Madam ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, sannan ta koma ciki, ta sake fitowa ta zauna. Ba wanda ya ce min komai, na cinye tas.

Haka muka yi wata biyu. Karatu, sannan wannan kujera, wannan kwano, wannan kofi.

Akwai abubuwan da na lura da su na share. Idan ina ci, Madam ba fuskata take kallo ba, ɗan sama da kaina take kallo, inda fuskar dogon mutum za ta kasance. Tsohuwa takan juyo wajena ta yi magana ƙasa-ƙasa da yaren ƙauyensu, ta yi shiru kamar mai sauraron amsa, sai ta gyaɗa kai ta yi dariya. Na ce tsufa ne. Ni da ba na iya cinye faranti ɗaya a ɗakina, a gidan nan sai in share kwano, kuma kafin in kai Panyu yunwa tana cina kamar tun safe ban ci komai ba. Na ce nisan hanya ne. Wata rana na tsince yankakkiyar citta daga cikin abincin na jera ta a gefen kwanon ta hagu, sai na ga Madam ta rufe baki da hannu. Na tambaye ta lafiya, ta ce meyo, wato babu komai.

Karatu kuwa yana tafiya, da faɗa da komai. Inda muka sha wahala shi ne wajen kwatanta yawan abubuwa. Bature yana da fitina. Idan abu ya fi yawa, kalma ɗaya ce, more, ko maɓallai ne ko ruwa. Amma idan bai kai ba sai ya raba hanya: abin da ake ƙirgawa ɗaya-biyu-uku fewer ne, abin da ba ya ƙirguwa, kamar ruwa ko shinkafa ko lokaci, less ne. Idan kuma sun yi daidai, as many as ko as much as. Mu Hausa ba ruwanmu da wannan rabe-rabe, 'yan China ma ba ruwansu. Na riƙa sauka ƙasa ina kwaso maɓallai da zif-zif ina tarawa gida biyu a kan tebur, in kawo ruwa a kofi biyu, in ce ta kwatanta. Ta ce less buttons, in buga tebur in ce, "Haba Madam! Maɓalli ba ya ƙirguwa ne? Ke da kike kwana kina ƙirga su?" Ba ta taɓa jin haushina ba. Sai ta sake, ta sake, har ta samu.

Wata Talata, saura mako uku su zo, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin ya yi duhu har sai da aka kunna fitila da rana tsaka. An riga an jera abinci mun zauna. Na ga dama ce ta gwaji, na ce, "To Madam, kafin mu ci, kwatanta min kwanuka da mutanen da ke teburin nan." Amsar a fili take, uku da uku, daidai wa daida.

Ta dubi tebur ta ce, a nutse, "There are fewer bowls than people."

Na ce, "Jimlarki ta yi kyau, ko Bature sai haka. Amma lissafin ba daidai ba ne. Sake."

Ta maimaita abin da ta faɗa.

Raina ya fara ɓaci. Na ce ta ƙirga kwanuka. Ta ƙirga, uku. Na ce ta ƙirga mutane. Ta nuna tsohuwa, ɗaya. Ta nuna kanta, biyu. Ta nuna ni, uku. Ba ta sauke yatsan ba, ta ɗan ɗaga shi sama da kaina ta ce, huɗu.

Na waiwaya. Bango ne kawai da kalanda.

A nan ne ranar farko ta dawo min. Lokacin da ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa, akwai abu a hannunta. Kwano ne, da shinkafa fara a ciki. Nawa ne ta kawo, ta tarar na riga na zauna a wurin wani, sai ta mayar.

Ta yi min bayani da ɗan Turancinta da ɗan yaren Chinan da nake ji. Kujerar mijinta ce, kwanonsa ne, kofinsa ne. Tun da ya rasu, kullum da rana sai ta dafa masa abin da yake so ta ajiye, kamar yadda suke yi wa nasu da suka mutu. Shekara goma sha biyu abincin yana hucewa tana zubarwa da yamma. Ta ɗauka fushi yake da ita, ko kuma abincin 'yan China ba ya isa wurin Musulmi. Sai ga 'yar garinsu ta shigo, ba wanda ya nuna mata, ta zauna a wurinsa, ta faɗi kalmar da yake faɗa kafin ya ci, ta cinye. Ta ce tun da na fara zuwa yake ci. Ta ce shi ma a hagu yake jera citta.

Na miƙe har kujera ta faɗi. Na ce, "Innalillahi! Madam, matattu ba sa cin abinci! Mutumin nan Musulmi ne, yana kabarinsa, addu'a yake buƙata ba garau-garau ba! Wata biyu kina kallona ina cin abincin mamaci ba ki gaya min ba?" Rabi da Hausa na yi faɗan, ban ma sani ba. Ita dai ta sunkuya ta ɗaga kujerar, ta goge ta da hannun rigarta, ta mayar da ita wurinta a hankali. Na ɗauki jakata na fita cikin ruwan, ko lema ban tsaya ɗauka ba.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na san babu wani mamaci da ke bin cokalina, na san wannan tun ina Islamiyya. Amma sani daban, abin da jiki ke ji daban. Kwana uku ko shinkafa ba na son gani. Idan na zauna cin abinci a ɗakina sai in jingina bayana da bango. Na yi ta istigfari, na kuma ji kunyar gaya wa kowa, don na san 'yan ɗakinmu dariya za su mayar da abin.

Mako biyu ban je ba. Ita kuwa kullum da rana sai saƙon muryarta ya shigo wayata. Ba roƙo, ba ban haƙuri, jimlolin darasi kawai take karantowa. Yau ruwan sama bai kai na jiya ba. Yau wandunan da aka ɗinka sun fi na jiya. Kwanakin da suka rage ba su kai na da ba. Kowace jimla daidai, ba kuskure ko ɗaya, ga ƙarar cokali da kwano a bayan muryarta.

Sai Alhaji ya kira ni daga Kano, Hajiya ce ta ba shi lambata. Ya ce, "Ke 'yarmu ce, kina shiga gidan. Ki gaya min tsakaninki da Allah, wurin da za a bar yarinya ne?" Na ce, "Baba Alhaji, ba a cin haram a gidan, kuma matar tana son 'yarta." Ya ce to, zai zo ya gani da idonsa. Da na ajiye wayar na san abin da zai gani, kuma na san daga ganin sai mota.

Washegari na koma Xintang. Ban zauna ba. Na ce mata, "Ranar da za su zo, wannan kwanon ba zai hau tebur ba. Idan Alhaji ya gane na wane ne, kin rasa 'yarki, ƙila har abada." Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta wanke shi, ta wanke kofin da cokalin, ta naɗe su a jarida, ta taka kujera ta ɗora su can saman kabad. Da ta sauko ta tambaye ni, to idan 'yarsa ta zo, shi a ina zai zauna? Na ce mu yi karatu.

Ranar Alhamis suka zo. Na tashi da azumin nafila, da gangan, don in sami hujja ta gaskiya tsakanina da Allah ta ƙin sa komai a bakina a gidan nan. Ban gaya wa kowa ba. Niyyata in gaisa, in haɗa su, in kama gabana, na ma ce wa Madam kada ta ajiye min kwano.

Alhaji dogo ne mai furfura a gemu, irin mutanen da idonsu ke zagaye ɗaki kafin su amsa sallama. Yarinyar tana bayansa cikin hijabi ruwan toka, ta fi uwarta tsawo, tana murza bakin hijabin da yatsu. Idanunta irin na Madam ne sak. Uwa da 'ya suka tsaya suna kallon juna. Duk Turancin da muka sha wahalarsa wata uku ya gudu. Madam ta buɗe baki ta rufe, abin da ya fito kawai shi ne, "You eat?" Na ji kamar in fashe da kuka, na kuma ji kamar in shaƙe ta.

Muka zauna a falo aka gaisa. Alhaji ya yi tambayoyinsa, nama daga ina, akwai giya a gidan, ina yarinya za ta yi salla. Madam ta nuna masa sabuwar darduma da buta a ɗakin ciki. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka. Na rataya jakata na ce, "To Baba Alhaji, ni zan wuce, na bar ku ku ci abinci." Ya sa min albarka. Muka miƙe gaba ɗaya, Madam ta yaye labulen wurin cin abinci.

Kwano biyar ne a kan tebur.

Tsohuwa ce. Muna can muna gaisuwa ta taka kujera, da shekarunta, ta sauko da ƙunshin jaridar. Ga shi nan a wurinsa, shinkafa da wake suna tururi, cokali a gefe, shayi a kofi mai tsagewa. Kuma a gaban idonmu ta ja kujerar baya kaɗan, kamar yadda ake yi wa mai shirin zama, ta dafa ta, ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa tana nuna yarinyar.

Alhaji ɗan kasuwa ne, da ido yake ƙirga. Ya dubi tebur, ya dube mu, ya juyo gare ni. Ya ce, "Ke kin ce tafiya za ki yi. Mu huɗu ne. Na biyar ɗin na wane ne? Akwai wani namiji a gidan nan?"

Madam ba ta jin Hausa, amma ta ga inda yake nunawa. Na ga ta ja numfashi, kuma na san ta. Matar da ta ƙi canza amsa don ta faranta wa malamarta rai ba za ta yi wa wan mijinta ƙarya ba. Gaskiya za ta faɗa, da Turanci mai kyau wanda ni na koya mata.

Na ce, "Nawa ne, Baba Alhaji. Kullum nan nake zama. Tsohuwa ce ba ta yarda in tafi ban ci ba."

Na sauke jaka na zauna. Kujerar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga kai, alhali tun safe ba wanda ya zauna. Na ce a raina, ya Allah ka ga niyyata, na yi bismillah a fili, na kai cokali baki. Azumi ya tafi. Alhaji ya zauna yana kallon kofin, ya ce, "Marigayi yana da irin wannan." Na ce irinsu sun cika kasuwa. Cittar da ke ciki ban tsince ko ɗaya ba, haɗiye su na riƙa yi suna ƙona min maƙogwaro. Ban ɗaga kai ba, don ba na son in ga inda Madam take kallo. Na ci har ƙasan kwano, na shanye shayin.

Alhaji ya ci nasa, ya yaba yajin, ya wanke hannu. Ya goge gemu. Sannan ya ce wa yarinyar da Hausa, "Jakarki tana mota, direba zai hawo da ita. Alhamis mai zuwa zan zo in ɗauke ki. Ki kula da sallarki."

Madam ta juyo gare ni da sauri, idonta yana tambaya me ya ce. Na ƙi fassara mata. Na nuna mata 'yarta da haɓa.

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce da Turanci, murya can ƙasa, za ta kwana. Madam ta dafa tebur. Ta tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta ce, "More than one day?"

Yarinya ta ɗaga yatsu bakwai. Madam ba ta yarda da idonta ba, ta zagayo ta kama hannayen da nata shuɗayen, ta fara lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa da yarensu, kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Ta faɗi ɗaya, ta faɗi biyu, ta faɗi uku. Kafin ta kai ga na huɗu muryarta ta sarƙe, ta kasa.

Sai yarinyar ta faɗe shi, da yaren China, ita kanta ta zaro ido don ba ta san yana bakinta ba. Ta ci gaba ita kaɗai har bakwai, uwar tana riƙe da hannunta.